Labbo Magini da Ganuwar Bakin Fadama

A shekarun da Gobirawa suka kafa Sabon Birni, hare-hare ba su yanke ba tsakaninsu da mutanen Sakkwato. A wani ƙaramin gari kan hanyar Isa aka yi wani magini mai suna Labbo, wanda gidansa ke jingine da ganuwa ta gefen fadama. Kowace damina wannan gefen sai ya zube. Magina su ƙara masa kauri, ya sake zubewa, kuma kowa ya san duk ranar da mahara suka zo, ta nan za su shigo, iyalin Labbo ne na farko a gabansu.

Labbo ya yi karatun allo kafin ya kama gini, can ya ɗauko ɗabi'ar da ta bi shi har tsufa: ba ya wuce abin da bai gane ba, kuma babbar matsala gutsura ta yake yi ƙanana-ƙanana. Da sarkin magina, Maliki, ya ce a sake kwaɓa ƙasa a tayar da ganuwar, sai Labbo ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Za ni ga yadda take faɗuwa tukuna."

Ya riƙa tsayawa cikin ruwan sama yana kallon gindin ganuwa. A gida ya gina 'yan katangu iya gwiwa, wata da jar ƙasa, wata da tsakuwa, yana kwarara musu ruwa da ƙwarya, ta sama, ta gaba, ta baya. Matarsa Inno ta ce, "Malam, yara sun bar wasan ƙasa, kai ka gaje su?" Ya ce, "Ƙaro mini ruwa dai."

Wadda ya zuba wa ruwa ta baya ita ta fara durƙushewa. Ashe ruwan cikin gari ne ke taruwa ya rasa mafita, ya jiƙa tushe. Da aka zo sake gina ganuwar, sai ya shimfiɗa dutsen marmara a tushenta, ya huda magudanai masu lanƙwasa, ruwa ya fita, mutum ba ya iya kutsawa.

Damina ta wuce ganuwa na tsaye. Da rani mahara suka nufi fadama kai tsaye, inda suka saba jin akwai giɓi. Suka zagaya ba su sami mashiga ba, suka juya. Inno kuwa, in ji jikokinta, ba ta yarda an rushe 'yan katangun nan ba har ta rasu.