Ba Za A Ƙara Ganin Baba A Ƙasa Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Yaya, a gadon asibiti, bayan ka yi kwanaki ba ka iya ɗaga hannun dama, ba ka iya kiran sunan kowa. Likita ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ni ƙanwarka ban ja da hukuncin Allah ba, na san kwana ne ya ƙare. Amma kowace mutuwa da sanadinta, sanadin taka kuwa ina kallo aka sayo shi sabo fil aka faka a ƙofar gida. Ina rubuta wannan ne saboda matarka tana nan da ranta, da irin hawan jininka, kuma 'ya'yanka sun fara yi mata irin gatan da suka yi maka.

Kafinta ne kai, ka yi shekara da shekaru kana ƙera wa mutane kujeru, kai kuwa ban taɓa ganin ka ɗumama ko ɗaya ba. Kullum da safe a ƙasa kake tafiya shago, fensir a bayan kunne, ƙaramar guduma a aljihu. Tafiyar da wani zai yi cikin ɗan lokaci kai sai ka ninka ta, don ba ka iya wuce ƙofar da ta karkace. Ka tsaya ka buga ƙusa, ka gaida masu gida, ka wuce tun kafin a kawo maka ruwa. Lokacin da mijina ya rasu, ba ka zo min da dogon wa'azi ba. Ka tako tun daga shago, ka gyara min sakatar ɗaki, ka ce, "Yanzu ki kwanta ki yi barci." Daga ranar ba ka taɓa bari mako ya wuce ba ka leƙo ni ba.

Da jininka ya fara hawa, ni na raka ka asibiti. Likita ya rubuta magani, sannan ya ce maganin da ya fi wannan yana ƙafarka: ka riƙa tafiya kullum har jiki ya ɗan yi gumi, shi zai taimaki zuciya, ya rage haɗarin shanyewar jiki. Ka yi dariya har da buga cinya, ka ce yau an rubuta maka abin da ka iya. Ko bayan ka bar wa almajiranka na sana'a shagon, ba ka fasa ba. Kai da matarka kuna fita da sassafe, kana gaba tana baya tana mitar saurinka.

Sai wata rana wani abokin aikin babban ɗanka, wanda muke kira Manaja, ya wuce ku a mota. Da ya isa ofis ya ce, "Na ga Babanka a ƙasa." Shi ke nan. Maganar da mai hankali zai amsa da "eh, motsa jiki yake yi," ita ce ta hana Manaja cin abinci. Ya tara ƙannensa, aka yi taro kamar an kama ka da sata. A gabana ya ce, "Wallahi ba za a ƙara ganin Baba a ƙasa ba. Me mutane za su ce? Muna da hali, ubanmu yana yawo gumi sharkaf?"

Na ce, "Likita ne fa ya ce ya yi."

Ya ce, "Gwaggo, likita ba shi zai ji kunyar ba."

Gaskiyarsa. Likita bai ji kunya ba, kuma ba shi aka yi wa rasuwa ba.

Aka kawo mota da direba. Aka kawo kujera ta ƙasar waje, mai laushi, mai miƙe ƙafa da kanta, aka dasa ta gaban talabijin. Kai da ka san katako, ka shafa ta ka ce min a hankali, "Ko ƙusa ɗaya ta kirki babu a cikinta." Amma ka zauna, don ba ka iya ɓata wa 'ya'yanka rai. Wannan shi ne rauninka, kuma shi ne kyanka. In ka miƙe, a ce "Baba huta." In ka nufi ƙofa, direba ya riga ka da makulli. Kantin da ke bakin layi ma a mota ake kai ka, juya kan motar kaɗai ya fi tafiyar daɗewa. Takalmanka na tafiya kuwa, autarka ta bayar da su, wai sun tsufa, suna zubar musu da mutunci.

Na ga ƙafafunka suna kumbura. Na ga cikinka ya fito, numfashinka ya gajarce, mutumin da yake barin samari a baya ya koma yana haki tsakanin ɗaki da falo. Su kuwa me suka gani? "Baba ya yi kyau, hutu ya karɓe shi." Suna ɗaukar hotonka a kujera suna aika wa abokai. Na yi magana har aka fara cewa Gwaggo ba ta son ganin ɗan'uwanta cikin daɗi. A wannan kujerar aka same ka, baki ya karkace, kofin shayi a ƙasa.

Ranar da aka kai ka makwancinka, Manaja ya fi kowa kuka, kuma ban ce na ƙarya ba ne. Suna son ka, Yaya. Sai dai sun fi son abin da za a ce game da su. Masu gaisuwa suna ta yaba musu, wai sun riƙe ubansu, ba su bari ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Shekaranjiya na je gidan da sassafe. Na tarar an jawo kujerar nan an zaunar da matarka a kai, an jera mata magunguna a gefe. Na ce ta tashi ta sa takalmi, mu zaga ko da bakin layi ne. Ta dube ni, ta dubi ɗanta, kamar mai neman izini a gidanta.

Manaja ya ce, "Haba Gwaggo! Yanzu kuma sai a ga Mama a ƙasa?"

Na ce, "Ka rantse ba za a ƙara ganin ubanka a ƙasa ba. To yanzu yana ina?"

Matarka ta dafa hannun kujerar ta miƙe da kanta, ta ce, "Miƙo min takalmina." Manaja da kansa ya durƙusa ya ɗauko mata. Mun fita a hankali, tana dafe da kafaɗata. Da muka zo wata ƙofa da ka taɓa gyarawa, ta tsaya ta shafa ta, muka yi kukanmu muka wuce. Gobe ma zan je, da jibi, muddin ƙafata tana ɗaukata.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka. Kowane taku da ka yi zuwa ƙofar mai rauni, Allah Ya sa ka tarar da shi a mizani. Ina yi wa matarka ta'aziyya, Allah Ya ba ta haƙuri da lafiya. Ina yi wa 'ya'yanka ta'aziyya, Allah Ya ba su dangana, Ya kuma ba su hankalin barin uwarsu ta taka ƙasa da ƙafarta. Amin.