Ba Za a Zuba Siminti a Lambun Malama Mai Rami Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran malamar kimiyyar makarantarmu bayan gajeriyar jinya. Ɗalibai suna kiranta Malama Mai Rami. Ni da muke ofis ɗaya, Yaya nake ce mata, kuma da ita zan yi magana.

Yaya, kin zo kin tarar duk sanda aka yi ruwa sai ya wanke filin ajiye motoci, ya kwashi baƙin mai da tarkacen leda, ya bi kwata ya faɗa rafin da masu lambu ke ban ruwa da shi a bayan katangarmu. Kowa ya saba, sai dai a tattare zani a tsallake. Ke kika ƙi sabawa. Kika ɗauki shebur kika haƙa ɗan kwari a kan hanyar ruwan, kika shimfiɗa tsakuwa da yashi da taki, kika dasa ciyayi masu doguwar saiwa, don ruwan ya tsaya ƙasa ta tace shi kafin ya kai ga kowa.

Shugaban makaranta ya ce gidan sauro kike ginawa, alhali ruwan ko kwana ba ya yi a sama. Ranar da aka tafka ruwa kika shiga ofishinsa jiƙe sharkaf, kika dire kwalba biyu a teburinsa, ɗaya daga kwata, baƙa wuluk, ɗaya daga ƙasan lambunki, garau. Kika ce, "Ranka ya daɗe, zaɓi wanda za a shayar da alayyahon da ake kai gidanka."

Lokacin da ɗana ya kwanta asibiti, ke kika riƙe min azuzuwana har ya warke. Da na zo godiya, shebur kika miƙo min.

Jiya kwamitin makaranta ya zauna don ya karrama ki. Kin san abin da suka yanke? A cike kwarin, a zuba siminti, a jera kujeru, a kafa allo da sunanki. Wai ya fi kyan gani. Wallahi raina ya ɓaci fiye da ranar jana'izarki. Na tashi na ce musu ban yarda ba, ba zan yarda ba. Sunanki ba zai zauna a kan simintin da zai mayar da baƙin mai cikin abincin mutane ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane ɗigo da ƙasar nan ta tace ya zame miki sadaka mai gudana. An ce motar siminti za ta zo ranar Litinin. Za ta tarar da ni da ajina a cikin kwarin muna darasi, kuma ba mu da niyyar tashi.