Mutumin Da Aka Fi Nutsarwa A Makarantarmu

Kowace Laraba, kafin a kaɗa ƙararrawar sujadar safe, Baba Mai Ruwa ya riga ya ɗage katakon da ke rufe kwamin baftisma, wato ramin simintin nan da ke bayan mumbari. Ya sauka matakala huɗu, ya dirje ƙasan da buroshi, ya buɗe famfo, ya tsoma gwiwar hannu ya ji sanyin ruwan. Shekara talatin da takwas ke nan yana wannan aiki a makarantar tauhidi ta Baftis da ta horar da mu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya huta.

Ni aka ɗora wa rubuta tarihin makarantar, tun tana ɗaki ɗaya da ɗalibai tara har ta zama benen yau. Na jera shugabanni, na jera malaman harshen Helenanci, kowa ya ƙame cikin kwat a hoto. Amma duk tsohon ɗalibin da na tambaya abin da ya fi tunawa, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Baba yana nan kuwa?"

Mu Baftis ba ma yayyafi, nutsarwa muke yi gaba ɗaya. Malami zai koya maka ma'anar baftisma a allo har ka haddace, amma allo ba ya nuna maka yadda za ka kwantar da ƙato a ruwa ka ɗago shi lafiya. Sai an gwada da mutum, ɗalibai kuwa babu mai yarda da hannun ɗan'uwansa. Baba ne ya ce a gwada da shi. An buga masa ƙeya a siminti, an ɗura masa ruwa ta hanci. Wani, babban fasto ne yanzu, ya taɓa barinsa a ƙasa ya tsaya ƙarasa doguwar addu'a. Baba ya taso yana tari ya ce, "Malam, cewa aka yi ka binne ni ka kuma tashe ni. Rabin aiki ka yi."

Nawa labarin ba na dariya ba ne. Ba a yaye ɗalibi sai ya yi wannan gwaji a gaban malamai, ni kuwa sau biyu ina kaiwa matakala ta biyu ƙafata ta ƙi. Shugaban makarantar ya ce saura mini dama ɗaya. Babu wanda ya san cewa ina ɗan shekara goma sha biyu ƙanena ya suɓuce daga hannuna a kogi, ruwa ya ci shi. Tun daga ranar, mahaifiyarmu ma ba ta ƙara kusantar ruwa mai zurfi ba. Na ɗaure akwatina.

A bakin ƙofa Baba ya tare ni, na zayyane masa komai ina kuka. Bai yi min wa'azi ba. Ya ce, "Mai da akwatin nan. Gobe bayan darasi ka zo ka taya ni wanke kwami."

Ran farko ruwan bai wuce idon sawu ba. Kullum sai ya ƙara taƙi ɗaya, yana ta zuba min surutun banza don kada in lura. Mako na uku muna tsaye ruwa har ƙirji, ya kama hannuna ya ɗora a bayan wuyansa.

"Kafa ƙafar baya da kyau, ɗana. Ni ba na suɓucewa, nauyina ya fi buhun siminti. Kuma ka hanzarta, matata na jirana."

Ranar gwaji na kwantar da shi, na ɗago shi, ya fito yana sheƙa dariya, ajin ya ɓarke da waƙa.

Kai ne, Baba, malamin da ba shi da allo. Kai ne ka ba da hancinka da ƙeyarka don fastoci ɗaruruwa su iya aikinsu, ka sha mura ba ka taɓa ƙorafi ba. Duk wanda ɗalibanka suka ɗago daga ruwa yana yabon Allah, hannunka na ciki. Na sa hotonka a littafin, da jiƙaƙƙiyar rigarka, daidai tsakiyar masu kwat.

Ku masu koyarwa, ku riƙa saukowa daga mumbari kuna shiga ruwan tare da ɗalibanku. Ku ɗalibai, ku tambayi wanda ke sharar ɗakinku sunansa.

Mun gode, Baba, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Akwai kuma saƙon da na riƙe maka. Mahaifiyata ta yi shekara talatin tana zuwa sujada ba ta yarda an yi mata baftisma ba. Bara ta shiga ruwan, ni na riƙe ta. Ta ce in gaishe ka, in faɗa maka ban sake ta ba.