Shanun Laka da Zanen Ɗiyar Ƙanwata

Wahala ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta. Na yi noman da fari ya cinye, na yi kabu-kabu tsakanin Kanan-Bakashe da Mayahi har bayana ya ƙage, amma ban taɓa ganin abin da ke gajiyar da mutum kamar zama gida ɗaya da yaron da ba ya magana ba. Ba kurma nake nufi ba. Yaro mai baki lafiya lau, wanda abin da ya gani ya rufe masa shi.

Ɗiyar ƙanwata ce, shekararta bakwai. Ƙanwar tawa aure ya kai ta kudu, can bakin iyaka, inda ƴan bindiga ke shigowa bisa babura. Da rana tsaka suka shiga garinsu, suka yanka mijinta a ƙofar gida, yarinyar tana tsaye. Ita da uwarta suka zo mani su biyu da ƙunshin kaya ɗaya. Wata huɗu tana cikin gidana ban ji muryarta ba. In na tada moto, babur ɗina ke nan, sai ta shige bayan randa. In za a yanka kaza, sai uwarta ta goya ta ta fita da ita. Kowa cewa yake za ta saki, ai yara suna mantawa. Ni na san ƙarya ne. Ni ma na yi irin wannan shirun, kuma tsorona shi ne kada nata ya zama na har abada.

Mu Buzaye ne a asali, kakanninmu daga arewa suka gangaro, amma da Hausa muka tashi a baki, muna noma muna kiwo. Lokacin da nake kamar shekarunta shanu tara gare mu, yayana ke kiwonsu. Ya girme ni sosai, har gemu ya fara tsiro masa. Yana da wata tsayuwa tasa: ya gitta sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa biyu a kanta, ya tsaya kamar ba abin da ya dame shi a duniya.

Bayan girbi ne, an yanke hatsi amma ba a kwashe dammuna ba, ba a kuma saki gonaki ga dabbobi ba. Na kai masa fura daji. Yana cikin sha shanu suka ɓalle suka faɗa gonar mutanen wani gari. Ba zan faɗi garin ba, har gobe kasuwarmu ɗaya da su. Yana korar shanun yana ihu, sai ga maza da gatura da sanduna. Ya ce mani in ruga. Ban yi nisa ba na faɗa cikin sabara na kwanta. Ta tsakanin ganye na ga komai. Da shanun suka fara, suna sarar jijiyar ƙafa, saniya ta durƙusa tana kuka. Da ya shiga tsakani sai suka juyo kansa. Bayan sun gama, ɗayansu ya zo fitsari dab da inda nake kwance, har ina ganin faso a dunduniyarsa. Na danne numfashi. Ina jin tun a wurin muryar ta tafi. Har yau in na shaƙi warin ganyen sabara sai in sake ganin dunduniyar nan.

Jandarma sun zo, an ɗaure wasu, masu gari suka zauna aka yi sulhu aka shafa fatiha. Aka ce magana ta mutu, kada wanda ya ƙara tada ta. A gidanmu ko sunansa aka daina kira. Innarmu ta naɗe tabarmarsa ta tura bisa rumfa. Ni kuwa aka ce iska ce ta taɓa ni a daji. Na sha rubutu har haƙorana suka yi baƙi. An lulluɓe ni da zane an yi mani hayaƙi ina shaƙewa. Wata rana babanmu ya gaji ya ɗaga mani bulala, ya ce in ce ko da wayyo ne. Sai ya jefar da ita ya fita.

Kaka, uwar babanmu, ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa in yi magana ba. Tana ɗan gina tukwane da kasko na amfanin gida. Da sanyi ya shigo, tabki ya fara janyewa, sai ta ɗauki ƙwarya da ƴar fartanya ta tsaya a kaina.

"Tashi, maigida, ka raka matarka, kada samari su sace maka ni a hanya."

Haka take tsokanata tun ina rarrafe. Lakar bakin tabki sanyi gare ta, tana warin kashin shanu da ruwan da ya daɗe a kwance. In mun dawo sai ta gutsuro ta dire a gabana, ta juya ta kama aikinta.

Kowane yaro a garinmu ya iya shanun laka. Ka mulmula, ka ja ƙafafu huɗu, ka tsamo tozo, ka soka ƙayar aduwa biyu su zama ƙaho, ka shanya a rana. Amma ni namu nake ginawa, ɗaya bayan ɗaya, kowace da kamarta, ina jera su ƙarƙashin rumbu. Aka yi kwanaki a haka. Wata rana Kaka ta ɗauki ɗaya, mai karyayyen ƙaho, ta jujjuya ta.

"Af, ga muguwar nan! Ita ce ta harbe ni ta zubar mani da nono ranar sallah."

Ba ita ba ce. Mai karyayyen ƙaho ko ɗan yaye zai iya tatsarta.

"Jar ce," na ce.

"To, jar ce," in ji Kaka. "Ina jar take? Ba ka gina ta ba, ko kai ma tsoronta kake, ragon miji?"

Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Ta ci gaba da shafa bakin tukunya, sai dai na ga bakin ya karkace, ta rushe ta sake. Sai da na girma na gane da gangan ta yi kuskuren.

Daga nan kalma ɗaya, kalma biyu, ita kaɗai nake yi wa, shi ma sai in akwai laka a hannuna. Da shanu suka cika tara sai na gina mai kiwonsu. Na gitta masa tsinke a kafaɗa, na rataya hannuwan a kai. Kaka ta dube shi ta daɗe, ta ja gefen zane ta fyace hanci. Na tsayar da shi a tsakiyarsu. Ranar na ci tuwo na ƙoshi.

Baffa, wan babanmu, shi ne mai karatun gidanmu. Ba mugu ba ne, ku ji ni da kyau. Shi ya rubuta duk rubutun da na sha, bai taɓa cewa ya gaji ba. Ya zo wucewa ya ga jerin ƙarƙashin rumbu, ya tsuguna. Ya ce duk wanda ya siffanta abu mai rai, ranar hisabi za a tsayar da shi a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Ya ce amma akwai mafita, in babu kai babu sauran laifi. Ya bi su ɗaya-ɗaya da babban yatsa yana ɓalle kawunan. Ƙas, ƙas, don sun bushe. Ya zo kan mai sanda. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ƙas.

"Yauwa, ɗana, yanzu yi wasanka."

Fitsari ya bi ƙafata. Kaka ta fito daga ɗaki ta ga abin da ke ƙasa. Ban taɓa jin ta ɗaga wa ɗanta murya ba sai ranar.

"Kai da karatunka! Sau biyu ke nan ana kashe yaron nan a gaban ƙanensa."

Baffa ya tsaya da ɗan kan laka a tafin hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

Shirun ya dawo, bai sake ni ba sai da damina ta faɗi, kuma ko da ya sake ni maganar a guntule ta dawo, kamar yadda kuke ji na yanzu. Laka ban ƙara taɓawa ba. Abin takaici, maganar Baffa ce ta zauna mani. Na yi ta mafarkin an jera mani shanu tara ana cewa hura. Lakwal, makarantar boko, aji biyu na yi na bari. Na tashi ina ganin masu kiyaye addini, in kalanda ta zo da hoton mutum, ko littafin yaro, sai su ja layi a wuyan hoton, wai an raba kai da jiki, ya daina zama siffa. Ni ma na ɗauka. Shekara da shekaru hannuna na yin haka, ba ya ma shawara da ni.

Yanzu zamani ya sake. Masu kisa sun ajiye gatari sun ɗauki bindiga, yaran da suka gani kuma sun yi yawa har an yi masu rumfa. Wasu mata ƴan porje, ma'aikatan ƙungiyar agaji, ke zuwa daga Mayahi sau biyu a sati, su tara yaran da aka koro daga garuruwansu da iyayensu mata kusa da lakwal. A yi kiɗan ƙwarya, a yi waƙa, a yi wasan kwaikwayo, a raba takarda da alƙaluman launi. Na ce wa ƙanwata wannan shirme ne, wanda aka kashe wa uba ai ba rawa yake buƙata ba.

Ta ce, "To, Yaya, mi kake da shi da ya fi?"

Ba ni da shi. Ta riƙa kai ta.

Wata Talata da la'asar ina zaune ina ɗaure sarƙar moto, sai na ji mutum kusa da ni. Yarinyar ce. Tun da ta zo ba ta taɓa matsowa kusa da namiji ba. Ta ɗora mani takarda a gwiwa. Mutum ne a tsaye, dogo, da shuɗiyar riga, hannuwansa manya-manya, ga rediyo rataye a kafaɗarsa. Tana kallon fuskata, leɓenta yana motsi kamar wani abu na son fitowa.

Bik na cikin aljihuna, wanda nake rubuta lambar wayar masu hawa da shi. Wallahi ban yi tunani ba. Na ce, "Kai, ya yi kyau! Bari Kawu ya gyara maki." Na ja layi a wuyan, daga nan zuwa nan.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ja da baya, ta ja da baya, har bayanta ya bugi bango, idonta a kan hannuna. Uwarta ta saki muciya ta zo ta ɗauki takardar.

"Yaya, ubanta ne. Ba ka ga rediyon ba?" Ta sa yatsa a kan layin. "Nan ne fa. Daidai nan suka sa masa."

An taɓa tare ni a hanya da bindiga aka ƙwace mani moto, ban ji tsoro irin na ranar ba. Ni da na san abin nan daga ciki, ni ne kuma na yi shi da hannuna, ina dariya. Yarinyar ta ƙi abinci, ta koma bayan randa. Kaka ta daɗe a ƙasa, Baffa ma haka, ba wanda zan je in tambaya yadda ake gyara irin wannan.

Washegari ban fita aiki ba. Ba ranar zuwan matan porje ba ce, sai na hau moto har Mayahi, na yi ta tambaya har na sami gidan da suke aiki. Madam ɗin da ke kula da yaran sa'ar ɗiyata ce. Na tsaya a gabanta da furfurata na faɗi abin da na yi. Ta riƙe kai.

"Bon. Baba, sati shida tana zana gida, gida kawai, ba kowa a ciki. Jiya ne ta fara sa mutum."

"Za ta sake?"

"Ban sani ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Kada ka dame ta da ban haƙuri, kada ka ce mata ta zana. Ka ajiye mata, ka matsa."

Ta ba ni fararen takardu da launi huɗu. Maganar hisabi na jujjuya ta a hanya, ban biya wajen malam ba. Na ce in ranar ta zo aka nemi wanda zai hura wa mutumin nan rai, a kira ni, ni na kawo takardar.

Da hantsi na iso. Na kashe moto tun daga bakin rijiya na turo shi da hannu don kada ta ji ƙara. Na shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, na ajiye takarda ɗaya na danne da dutse, na jera launukan a gefe. Na ciro bik ɗin na ɗaga yadda za ta hango daga bayan randa, na miƙa wa uwarta, ta jefa shi a murhu. Sannan na koma gindin bango na zauna a kan hannuwana biyu.

An daɗe, har inuwa ta matsa. Sai ta fito, ta bi ta gefen danga nesa da ni, ta zauna a bakin tabarmar ta ba ni baya. Ban ga abin da take yi ba, ban kuma leƙa ba. Hannuwana suka mutu a ƙarƙashina, ban zare su ba.