Zainu da Dariyar Adda

Duk wanda ya san Kankia ya san shagon Zainul Abidin na bakin titi, inda ake buga takardu da ɗaukar hoton fasfo. Shi ne wanda tun yana yaro ake kai ƙararsa don ya hana kajin gidansu tsaba sai sun yi layi. Ya girma ya yi difloma a kwamfuta, halin nan bai sake shi ba. In ya tarar da takalma a warwatse a ƙofar masallaci, sai ya tsaya jerawa har raka'a ta wuce shi.

Wata shekara wasu malaman jami'a suka zo neman mai taya su tattara maganar mutanen karkara. Aikin shi ne a naɗi hira a waya, a rubuta ta, sannan a yi wa kowace magana alama: wa ya faɗa, ina ya fara, ina ya tsaya. Zainu ya ce wannan ai wasan yara ne, shi da kansa zai ƙera musu manhajar da za ta yi. Ya rufe shago wata da watanni, ya fito yana cika baki wai babu maganar da ba za ta ɗauka ba.

Tana ɗauka kam, muddin mutum ɗaya ke magana. Da zarar murya biyu sun haɗu sai ta shafa wa wurin ja, ta kira shi hayaniya. Malaman suka ce ya buɗe mata wurin murya ta biyu da ta uku. Zainu ya ce manhaja lafiyarta ƙalau, mutane ne ba su iya magana ba.

Akwai dai mutum ɗaya da yake so fiye da tsari, kakarsa Adda ta Kunduru, wadda ta goya shi. In Adda ta buɗe baki wurin ɓarar gyaɗa, matan unguwa har tuwo suke bari ya ƙone. Ta tsufa ƙwarai, shi kuma ya yi mata alkawari a gaban kowa cewa jikokin jikokinta za su ji muryarta. Da gaske yake, don har idonsa ya kawo ruwa.

Ya je Kunduru ya ajiye waya a kan turmi tana naɗa, Adda ta shiga labarin shekarar da jakin mijinta ya bi ta har gidan biki. Mata na ta "Haba dai!" da "Sai aka yi yaya?", wata ta ƙarasa mata zance, ita ta ƙwace abinta, aka yi ta shewa har la'asar. Da ya koma shago ya zuba a manhaja, sai ga allo ja wur kamar an shanya tattasai. Ya ja tsaki ya goge naɗin duka, wai shara ce tana cinye masa wuri a waya.

Ya koma Kunduru da doka. Ya ɗauko ludayi ya ce wadda ke riƙe da shi ita kaɗai za ta yi magana. Haulatu, matar kawunsa, ta ce, "Zainu, fira ce ko kotu?" Bai kula ta ba, ya miƙa wa Adda ludayi.

Adda ta dubi ludayi, ta dubi matan da suka yi tsit. "Maigidana, in fara?" Ya gyaɗa kai. Ta ce, "To, akwai wani jaki." Ta jira a ce mata "uhm", babu wadda ta ce. "Jakin nan dai ya bi ni." Ta sake jira. "Shi ke nan. Amshi abinka, wagga fira taka ba ta da mai."

Da ya zuba a manhaja, allo ya fito fari tas. Zainu ya yi ta nuna wa mutane a shago, yana cewa in an yi girbi zai koma ya ƙaro. Kafin girbi Adda ta rasu.

Ranar addu'ar uku, bayan maza sun watse, Haulatu ta sa aka kira shi cikin gida. Matan ɓarar gyaɗa duk suna zaune. Ta ce, "Ɗan nan, ka ce ka aje mana ita. Sa mu ji."

Ya kunna. Muryar Adda ta fito a sanyaye, kamar mai ba da shaida gaban alƙali, ta yi maganar jaki ta tsaya. Mata suka dubi juna.

"Wannan ba ita ba ce," in ji Haulatu. "Sa mana wadda take dariya, ta ranar farko."

Zainu ya yi ta latsa waya sama da ƙasa, alhali ya san abin da ya yi. Adda ba ta taɓa dariya ita kaɗai ba, kullum da mutane take yi, shi kuwa duk inda murya ta wuce ɗaya ya goge. Matan suka zuba masa ido suna jira, babu mai cewa uffan, irin shirun da ya daɗe yana nema.