Garuruwan da Baba ya bi ta ruwa

Ina cikin sauke kaya a Dilimi, cikin garin Jos, ƙanwata ta kira ni, ta ce Baba ya rasu. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ranar sadakar uku wasu dattawa suka zo gidanmu a Anguwan Rogo. Abokan Baba ne, tsofaffin direbobin jirgin ruwa mai inji da suka yi aiki a kogin Binuwai kafin zama ya kawo su Jos. Suna da ƙungiya, kuma ba sa karɓar kowa sai wanda ya taɓa kai jirgi daga Numan har Lokoja. In ɗayansu ya rasu, babban ɗansa ne ke ambaton garuruwan da mamacin ya saba tsayawa, su kuma su yi masa addu'a a kan kowane gari.

Ni ne babban ɗan Baba, don haka shugabansu ya dube ni ya ce, "Ɗana, bismilla. Taso mana da jirgin."

Na ce Numan, suka yi addu'a. Na ce Ibi, suka yi. Daga nan na tsaya. Baba ya sha faɗin sunayen nan a tsakar gida, amma ba su zauna mini ba.

"Kai, rabin kogi ka tsallake!" in ji wani, don ya ba ni dariya. Na kasa ɗaga kai.

Shugaban ya ce ba a ƙarasa wa ɗa sunayen, in je in koya wurinsu, sannan a ci gaba. Har yau ban je ba, addu'ar tana nan tsaye a Ibi.