Tulun da Ya Gaji da Jira

A unguwar Satwa ta Dubai na tashi, a wani ɗan fulat da ke saman shagon teloli, kuma duk abin da na sani game da Kano a lokacin daga bakin kakata Iya Gambo na ji shi. Ita ta haifi babanmu. Duk shekara yakan yi mata biza ta zo ta yi wata biyu tana mita: lif na sa mata jiri, sanyin esi na shiga mata ƙashi, ga shi gari ne da ba a hura wuta. Ita kuwa ba ta tatsuniya babu wuta. Sai ta samo dabara, bayan sallar isha'i ta zuba garwashi a kaskon turare ta dire tsakar falo, mu kewaye shi ni da ƙannena.

Abin da ya fi ɗaure mini kai kwalbarta ce. Takan jiƙa dabino da tsamiya da citta da kanumfari, washegari ta tace, ta zuba wa baƙin Baba a ƙananan kofuna da ƙanƙara. 'Yan kasuwar Kano har santi suke yi. Amma kafin ta zuba sai ta kara kunnenta a bakin kwalbar. Ni kuwa Allah ya zuba mini tambaya.

"Iya, wai me kike saurara?"

"Ke Rabi, bakin nan naki ba ya hutu? Zauna. Ga ta nan tafe, kowa ya gyara kunnensa."

Wai wata mata ce aka aiko mata cewa babban baƙonta na nan zuwa ranar Sallah. Ta jiƙa dabino cikin tulu, ta zuba kayan ƙamshi, ta rufe. Maƙwabta suka shigo yawon Sallah, ƙamshi ya dake su, ta ce ba nasu ba ne. Kwana ɗaya, biyu, uku, babu baƙo babu labarinsa. Rana ta huɗu tulu ya fara raɗa, tsss, tsss. Ta duƙa ta ce, "Me kake cewa?" Tulu ya ce, "Na gaji da jira, na juya." Ta ɗanɗana ta tofar da sauri, ashe zaƙin ya koma giya. Ta yi a'uziyya, ta kai shi bayan gida ta tuttular. Da wata Sallar ta kewayo, ta sayi sabon tulu ta sake jiƙawa.

"To baƙon wane ne? Ya zo kuwa?"

"Halas," in ji Iya. Larabcinta ke nan duka a duniya. "Ta ƙare, a tashi."

Haushi ya cika ni. Wace irin tatsuniya ce babu ƙarshe? Duk zuwanta sai na sa ta maimaita, ko za ta manta ta faɗi sauran, ba ta taɓa mantawa ba. Na kuma lura cewa da zarar ta ambaci tulu sai Baba ya miƙe, wai zai buga waya kan maganar kwantena. Na girma ina ɗauka darasin bai wuce biyu ba: kada a yi rowa, kuma a zafin garin nan kada jiƙo ya wuce kwana biyu.

Bara, bayan rasuwar Iya da komawar Baba Kano, ni kuwa ina nan Dubai, muna waya da shi ta bidiyo ina tace dabino a kicin. Na ce, "Baba, don Allah, baƙon nan na tatsuniyar Iya wane ne?"

Ya matso da wayar kusa da fuskarsa.

"Ni ne," ya ce. "Farkon zuwana Dubai na ce mata ina nan tafe da ƙaramar Sallah. Sallah biyar ina faɗa mata haka."

"Amma ai ka je daga baya."

"Na je. Ruwan randa ta ba ni. Ba ta jiƙa komai ba, ta daina yarda."

Wallahi kunya ce ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ashe ba tatsuniyar rowa ba ce, mai jira ne yake juyawa. Ni ma sau biyu ke nan ina ce masa zan zo Kano Sallah mai zuwa, in sha Allah. Bai goranta mini ba. Gyara hularsa kawai ya yi, ya ce, "Rabi, yaushe ne hutunki?"